Suyuan da fiyanon 'yarta

Jiya da daddare na gama karanta The Joy Luck Club na Amy Tan karo na biyu, wallahi har yanzu abin bai sake ni ba. Littafin ya fito tun 1989, labarin iyaye mata huɗu ne 'yan China da suka koma San Francisco, suna haɗuwa su buga mahjong, wani wasan 'yan China mai kama da karta, su ci abinci, da 'ya'yansu mata huɗu haihuwar Amurka da ba sa jin yaren iyayen sosai.

Karatuna na farko ina jami'a ne, bayan 'ya'yan na bi, musamman Jing-mei. Uwarta Suyuan ta dage sai yarinya ta zama gwana, har shara da goge-goge take wa wani tsohon malami don ya koya mata fiyano, malamin kuma kurma ne, yarinya ta gane ba ya jin kuskure sai ta dinga buga shirme abinta, ranar da aka tara jama'a a coci ta kwafsa a gaban kowa. Bayan kwana biyu uwar ta sake jawo ta gaban fiyanon, nan ne fa Jing-mei tace gara ma ta mutu kamar jariran can da uwar ta baro a China. Uwar ko uffan, ta fice daga ɗakin.

A da wucewa kawai na yi ta wurin nan. Jiya kam sai da na ajiye littafin. Tagwaye ne fa, Suyuan ta ajiye su a bakin hanya tana gudun sojojin Japan daga garin Kweilin na China, ciwo ya ci ƙarfinta ta ɗauka mutuwa zata yi, ta bar musu 'yan kayan adonta da hoto, kuma har ta koma ga mahaliccinta tana cigiyarsu. Ita ma mahaifiyar Amy Tan ɗin 'ya'ya mata uku ta baro a China, sai 1987 suka je tare Amy ta ga yayyenta.

Ni 'yar fari ce, Umma bata taɓa kama sunana ba, "ke" ce kawai, bata yabon girkina a gabana sai dai in tsinci yabon a bakin Gwaggo, na daɗe ina jin ciwon hakan a raina. Yau da safe na kira ta nace Umma wai ya rayuwarki take kafin ki auri Baba? Ta yi shiru har na zaci layi ne ya katse, sannan tace, "Ke kuma yau me ya kawo wannan? Kin karya kuwa?"