Kafin ka canja sensa, duba soket ɗinta

Motar dizal da aka kawo mini ta zo da sabuwar sensar matsin man dizal a jikinta, tsohuwar kuma tana cikin leda, amma ciwon yana nan. Idan inji ya ɗauki zafi, ko aka hau hanya mai gargada, sai ya rage ƙarfi, wani lokaci ya mutu murus. Na'urar gwaji ta nuna matsala a layin wannan sensar, shi ya sa aka saya mata sabuwa. Sai dai lambar matsalar da na'ura ke nunawa layin gaba ɗaya take nufi: sensa, waya, soket, har zuwa ƙwaƙwalwar inji, wato kwamfutar da ke sarrafa shi.

Sensar wayoyi uku gare ta. Ɗaya tana kawo bolt 5 daga ƙwaƙwalwa, ɗaya negetif ce, ta ukun ita ke mayar da saƙo, wanda yawanci ke yawo tsakanin bolt 0.5 da 4.5. Na tayar da inji, na bar shi yana aiki ba tare da taka totur ba, ido na kan na'ura, hannu na girgiza wayarin kaɗan-kaɗan. Ina taɓa gindin soket ɗin sai adadin saƙon da na'ura ke nunawa ya yi tsalle, inji ya yi tari. A nan a yi hattara da bututan mai, domin matsin da ke cikinsu a injinan zamani yana kaiwa bar 2,000 (bar ma'aunin matsi ne), kuma tsartuwar man kan huda fata.

Na kashe mota, na cire kan negetif na batir, sannan na zare soket ɗin. Da ido lafiya ƙalau yake, babu kore-koren tsatsa, babu ruwa. Sai na ɗauko sabon fil namiji mai girman na sensar, na zura shi a ramukan ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun riƙe shi gam. Na ukun kuwa, da na juya soket ɗin ƙasa sai fil ɗin ya faɗo da kansa. Bakin ya buɗe, alamar wani ya taɓa cusa tsinken mita a ciki da ƙarfi. Wannan ɗabi'a tana kashe soket, haka ma huda rigar waya da allura, wadda ke buɗe wa danshi ƙofa ya ci jan ƙarfen daga ciki.

Injin dizal ba ya daina kakkarwa. Fil mai sako-sako yana ta gogar ɗan'uwansa har rufin jikinsa ya cinye, ya bar wata baƙar ƙura da ke tare wuta. Mita za ta iya nuna maka layi a haɗe yake alhali mota na tsaye, da an hau hanya kuma ya katse.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Na cire makullin robar da ke danne filolin, na zaro mai laifin, na yanke wayar zuwa inda take sheƙi, na sa sabuwar robar toshe ruwa, na matse sabon fil da filayar da aka yi domin wannan aikin. Ba na son liƙi da dalma a jikin inji, don dalmar tana bin silin wayar ta sandarar da ita, girgiza kuma ta karya ta daidai inda taurin ya ƙare. Na ja wayar don in tabbatar ta kama, na mayar da fil har na ji ƙas, na shafa ɗan giris ɗin lantarki a bakin robar.

Tunda hannu ya riga ya ɓaci, na buɗe babban soket ɗin ƙwaƙwalwa ma. Baƙin mai kan tsiyayo daga sensar da ta fashe, ya bi cikin waya kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, har ya taru a can. Na wannan motar a bushe yake. Na kwance wayar negetif da ke ɗaure a jikin inji, na kankare wurin har ƙarfe ya fito fes, na ɗaure. Wayarin kuma na kama shi da maɗauri kusa da soket, don kada nauyinsa ya riƙa rataya a kan filolin.