Sa'o'i ukun farko bayan jini ya ɓalle

Kuskuren da aka fi yi idan mutum ya yanke shi ne ɗaga tsumma a leƙa ko jinin ya tsaya. Duk leƙawa na ɓalle gudan jinin da ya fara haɗuwa. A danne wurin da tsumma mai tsabta minti 10 cur. In ya jiƙe, a ɗora wani a kai, kada a cire na ƙasa.

Mai shan asfirin ko warfarin (maganin hana jini daskarewa) jininsa ya fi wuyar tsayawa. Asfirin na raunana ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni har kwana 7 zuwa 10, shi ya sa likita ke tambaya kafin tiyata. Amma kada kowa ya daina sha da kansa, musamman mai ciwon zuciya.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganin tranexamic acid, mai rage zubar jini. Wani bincike mai suna WOMAN na 2017 ya nuna allurar giram 1 ta jijiya ta rage mutuwar da zubar jini bayan haihuwa ke jawowa da kusan kashi ɗaya cikin uku, in an yi ta cikin sa'o'i 3 da haihuwa. Bayan nan amfaninta ya tafi. Aikin maganin shi ne hana gudan jini narkewa da wuri.

Batun "a bar ciwo ya sha iska" kuwa, tun 1962 wani mai bincike, George Winter, ya gwada a fatar alade: raunin da aka rufe da danshinsa ya fi saurin rufewa fiye da wanda ya bushe ya yi ɓawo.