Talabijin a Jojiya: mai tasha shi ne mai murya

Tun shekarar 1956 aka fara watsa shirye-shiryen talabijin da harshen Jojiya daga birnin Tbilisi, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin Tarayyar Sobiyat, kuma tashar gwamnati ce kaɗai ake da ita. Wannan tasha ita ce dokar watsa labarai ta 2004 ta mayar ta jama'a, ana kiranta Tasha ta Ɗaya. Daga kasafin kuɗin ƙasa ake ɗaukar nauyinta, abin da ya sa masu suka ba su daina zarginta da karkata ga masu mulki ba. Akwai kuma tashar Adjara a birnin Batumi, ita ma ta jama'a ce.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tashoshi masu zaman kansu, domin a can ake ainihin dambarwa. Rustavi 2, wadda aka kafa a 1994, ita ce ta riƙa nuna zanga-zangar 2003 kai tsaye har Shugaba Eduard Shevardnadze ya sauka, Mikheil Saakashvili ya hau. Shekara 4 bayan haka, ranar 7 ga Nuwamba 2007, jami'an tsaron gwamnatin wannan Saakashvili suka kutsa cikin ginin tashar Imedi ta attajiri Badri Patarkatsishvili ana tsakiyar shiri, masu kallo na zaune a gida suna ji ana sanar da su cewa an shigo, sai hoto ya ɗauke. Wanda talabijin ta taimaka wa ya hau mulki, shi ne ya rufe bakin wata tashar.

Daga baya reshe ya juye da mujiya. Imedi ta zama ta hannun daman jam'iyyar Georgian Dream mai mulki tun 2012, Rustavi 2 kuwa ta koma muryar 'yan adawa, har aka shiga doguwar shari'a kan mallakarta. A watan Yulin 2019, bayan hukuncin kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, Rustavi 2 ta koma hannun tsohon mai ita, Kibar Khalvashi, aka sallami daraktanta Nika Gvaramia, shi kuma ya tafi da ma'aikata da dama suka buɗe sabuwar tasha mai suna Mtavari Arkhi. A ganina ba a yi wa mai kallo adalci ba, domin sunan Rustavi 2 da tambarin da ya saba gani suna nan daram, sai dai bakin da ke magana ya sauya. Shi kansa Gvaramia an ɗaure shi a 2022, sai a watan Yunin 2023 Shugaba Salome Zourabichvili ta yi masa afuwa.