Mun Taka Daga Gondar Don Mu Ga Ƙudus

A ƙauyenmu da ke ƙasar Gondar, a Habasha, yaro kan san sunan Ƙudus tun bai san sunan mai mulkin ƙasarsa ba. Mu Beta Isra'ila ne, Yahudawan Habasha. Mahaifina maƙeri ne, mahaifiyata maginiyar tukwane, gonar da kakana ya noma kuwa ta haya ce, don a zamaninsa ba kasafai ake barin irinmu su mallaki ƙasa ba. Maƙwabta suna sayen lauje da tulu a hannunmu, amma da zarar ɗan wani ya kwanta ciwo sai a ce mu muka kama shi. Duk sanda aka ci mana mutunci, amsar manya ɗaya ce: nan ba gida ba ne, gida yana Ƙudus. In shamuwa ta zo wucewa, mu yara mukan bi ta da gudu muna tambayarta lafiyar birnin, don an ce mana ta can ta biyo.

Ranar da wannan bege ke fitowa fili ita ce Sigd, kwana 50 bayan Ranar Kafara, babbar ranar azumi da tuba ta Yahudawa. Kowa na azumi, kowa cikin fararen kaya, a hau dutse tun da safe. Limamanmu, da muke kira kes, suna gaba ɗauke da Orit, wato Attaurarmu da ke rubuce da harshen Ge'ez, tsohon harshen ibada na Habasha, an rufa mata laima. Wasu tsofaffi kan ɗora dutse a kafaɗa su hau da shi don ƙanƙan da kai. A can sama a karanta labarin mutanen da suka komo daga bautar Babila suka sabunta alkawari, sannan a roƙi Allah ya mai da mu.

A 1984, ina ɗan shekara 12, abubuwa suka haɗu. Gwamnatin Mengistu, shugaban mulkin soja na Habasha a lokacin, na kwasar samari zuwa yaƙi, fari ya ci arewa, fita daga ƙasar kuma laifi ne. Sai raɗe-raɗi ya zo cewa duk wanda ya kai Sudan ana wucewa da shi Ƙudus. Baba ya sayar da shanunsa a ɓoye, a kan kuɗin da bai kai rabin darajarsu ba, aka biya ɗan jagora, muka fita da tsakar dare ba sallama. Tafiyar dare muke yi, da rana mu ɓuya. 'Yan fashin daji sun tare mu suka kwashe kuɗin da mata suka ɗinke a gefen zane. Da ruwa ya ƙare, Inna ta shimfiɗa bakin mayafinta a kan wani kududdufi, ta danna shi cikin laka har ruwa ya tsatso ta saƙar, muka riƙa sa baki muna tsotsa ɗaya bayan ɗaya. Ita ce ta sha a ƙarshe. Da Asabar ta zo, ranar hutu a addininmu, manya suka ce ba mai ɗaga ƙafa. Ɗan jagora ya yi faɗa, ya ce zai bar mu a nan, Baba ya ce masa ya tafi in zai tafi. Bai tafi ba.

Mun ɗauka iyakar Sudan ce ƙarshen wahala. Ashe sansanin Um Rakuba ya fi hanyar kisa. Dole muka ɓoye ko mu su wane ne, muka ce mu Kiristoci ne masu gudun yunwa. Tsofaffi da yawa suka ƙi cin abincin da ba su san wanda ya dafa ba. Zawo da kyanda suka shiga yara. Ƙanwata ta rasu a can, aka binne ta da dare, kes na addu'a a hankali don kada na kusa su ji, ba a kuma sa wata alama a kabarin ba. An ƙiyasta mutanenmu kusan 4,000 ne suka mutu a hanya da cikin waɗannan sansanoni.

Da aka mai da mu kusa da garin Gadarif, nakan je kasuwa ɗaukar kaya. A nan na fara sanin Hausawa. Wani dattijo mai sayar da gyaɗa ya ba ni labari cewa kakansa da ƙafa ya baro ƙasar Hausa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya noma don ya tara na gaba, har zama ya kama shi. Ban iya gaya masa inda mu muka nufa ba, amma na gane shi sarai, kuma ina jin duk wanda ya san tarihin alhazan ƙafa zai gane mu.

Daga 21 ga Nuwamba 1984 zuwa 5 ga Janairu 1985 aka yi ta kwasar mutane da dare, a mota zuwa Khartum, daga nan jirgi ya bi ta Beljiyam ya sauka Isra'ila. Mutum kusan 8,000 aka fitar kafin labarin ya fasu a jaridu, Sudan ta rufe ƙofa. Muna cikin waɗanda suka tsallake. Kawuna da ya rage a Habasha sai a Mayun 1991 muka sake ganinsa, lokacin da aka ɗauko fiye da mutum 14,000 daga Adis Ababa cikin awa 36.

Abu na farko da na koya shi ne, bege ya iya kai mutum wuri, amma bai koya masa zaman wurin. Baba ya sumbaci ƙasa a filin jirgi. Kwanaki kaɗan bayan haka, a masaukin baƙi, wata ma'aikaciya ta dubi takarda ta kasa furta sunana, ta rubuta mini wani na Ibrananci. Asabar ta farko muka leƙa taga muka ga motoci na gudu, wasu na shan taba, mu da ko wuta ba ma hurawa a ranar, abinci mai sanyi muke ci. Sannan babbar girgizar: da yawa cikin mutanen ƙauye sun taso da yaƙinin cewa Haikali, babban ɗakin ibadar Yahudawa a Ƙudus, na nan tsaye. Da aka kai mu bakin Bangon Yamma, wanda ya rage daga harabar Haikalin, Baba ya tambayi ɗan rakiya ta ina ake shiga. Ni na fassara masa amsar, cewa Rumawa sun rushe shi tun shekara ta 70 miladiyya. Ya dafa bangon ya daɗe bai ce komai ba, ranar kuma bai ci abinci ba.

Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne shakkar da aka yi a kan Yahudancinmu. Tun 1973 babban malamin Yahudawa a Isra'ila, Ovadia Yosef, ya yi fatawa cewa Beta Isra'ila Yahudawa ne, amma da muka iso sai aka ce sai mun yi wankan shiga addini kafin a ɗaura wa ɗayanmu aure. Mutanen da suka binne 'ya'yansu a daji saboda wannan addini! A 1985 jama'armu suka yi zaman dirshan na kusan wata guda a Ƙudus. A Janairun 1996 kuma aka gano ana zubar da jinin da muke bayarwa gudummawa a ɓoye, wai don tsoron cutar ƙanjamau. Ina cikin dubban da suka fita zanga-zanga, kuma a ranar na fahimci cewa kunya da kawaicin da aka raine mu da su, a nan ana ɗaukarsu a matsayin yarda. Wanda bai buɗe baki ba ba a jin sa.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai a cikin gida na koye shi. Aka kai mu makarantun kwana, muka iya Ibrananci cikin watanni, iyayenmu suka tsaya a Amharanci. Gida ya kife. Maƙerin da ƙauye ke jira ya yanke magana ya koma mai shara, ɗansa ƙarami ne ke shiga da shi wurin likita yana fassara masa ciwon da a al'adarmu uba ba ya faɗa a gaban ɗa. An ba mu ɗaki, an ba mu firji, an ba mu kuɗin wata, kuma ban raina ko ɗaya ba. Amma ba wanda ya tambayi Baba me ya iya. Shi ya sa yanzu, in ina taimaka wa sababbin zuwa, da uban gida da uwar gida nake fara magana, in jira amsarsu komai daɗewarta, ko da yaron da ke gefe ya riga ya gane. In rigima ta tashi a iyali kuma, dattawan sulhu da kes nake fara kira kafin kowace hukuma.

Akwai kuma abin da ba wanda ya gaya mana a kan dutsen Sigd: birnin da muke kuka dominsa yana da wasu masu kuka dominsa. Ka ji kiran salla daga Masallacin Aƙsa, ka ji ƙararrawar coci, ka ga Falasɗinawan da kakanninsu a nan aka binne su, wasunsu an raba su da gidajensu. Mu da muka san ɗacin a ce maka baƙo a inda aka haife ka, bai kamata wannan ya wuce mu ba tare da ya dame mu ba. Ni yana damuna.

Tun 2008 Sigd ya shiga jerin bukukuwan ƙasa, muna taruwa a wani tudu da ke kallon tsohon birnin. Wata shekara na ji Baba na maimaita addu'ar nan ta komawa, na ce, "Abbaye, ba ga mu a ciki ba?" Ya ce, "Ɗana, ƙafa ce ta iso. Ƙudus ɗin da aka yi mana alkawari, wadda ba a wulakanta kowa a cikinta, har yanzu muna hanya."

Yau mun haura mutum 160,000 a ƙasar. Na mai da sunana na asali a takardu, 'ya'yana kuma ina tilasta musu gai da kakarsu da Amharanci. A Dutsen Herzl da ke Ƙudus akwai wurin tunawa da waɗanda suka mutu a hanyar Sudan, kuma sunan ƙanwata na can. Ba dukansu aka samu sunayensu ba, waɗanda suka san su kuwa tsufa na ɗauke su. Don haka nake bin tsofaffi gida-gida da littafi da biro ina tambayar wa suka bari, a wane sansani, ɗan wane ne. Makon gobe akwai wasu tsofaffi mata a garin Netanya da suka ce in zo, ɗayarsu ta binne 'ya'ya uku a Um Rakuba.