Legas: garin da cikin garinsa ke can bakin teku

Na dawo daga Ikko, kafafuna har yanzu a kumbure suke saboda zaman mota, amma bari in rubuta tun abin da zafinsa. Hanya ba sai na ba ku labari ba, duk wanda ya taba hawa laksori daga Sabon Gari ya san yadda ake kwana a zaune. Gari na wayewa muka shigo wani waje, gidaje a cunkushe, manyan coci-coci, 'yan talla na bin motoci da burodi, gosilo ya riga ya hadu. Na tabo na kusa da ni, wani Bazazzagi mai kai albasa Mile 12, na ce Malam mun shigo kenan? Ya yi dariya ya ce da saura, nan Ibafo ce, jihar Ogun. Muka wuce Magboro, muka hau doguwar gadar nan, ga Kara inda mutanenmu ke sayar da shanu da raguna, duk Ogun ce wai. Sai a Berger ya ce to yanzu ka taka Legas. Babu daji a tsakani, babu gona, gini ne kawai ya bi gini, in ba an fada maka ba wallahi ba za ka ce ga inda wata jiha ta kare ba.

A Agege na sauka wajen Kawu, kanin mahaifiyata, ya dade a can har Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsa in ransa ya baci. Mutumin nan bai bar ni na sayi ko fiya wata da kudina ba. Tuwo da miyar kuka aka kawo min, da man shanun da aka aiko musu daga gida, ina ci ana ta shigowa gaisuwa ana tambayar ya Kano ya ruwa. Da dare na ce Kawu gobe ina so in shiga cikin gari. Ya ce wane cikin garin, Ikeja kake nufi ko Oshodi ko Eko? Mu fa a Kano in ka ce cikin gari magana ta kare, ga gidan Sarki, ga Kurmi, ga Dala, ga badala ta kewaye, sauran unguwanni kuma suka yi ta fita ta kowace kofa. Can kuwa gwamna yana Ikeja, cibiyar motoci Oshodi, manyan bankuna da tsohuwar kasuwa suna kan tsibiri can karshen kudu, inda daga shi sai ruwa.

Ana sallame asuba Kawu ya ce tashi, in rana ta fito mana a Agege mun shiga uku. Danfo, bas din haya, zuwa Oshodi, wata motar zuwa tashar CMS da ke kan tsibiri, kwandasta yana rataye a kofa yana ihu, canjina kuwa sai da Kawu ya yi masa Yarbanci kafin ya fito. Gadar Third Mainland ita ce ta gama da ni. Kilomita 11.8 a kan ruwa, zamanin Babangida aka bude ta a 1990, ka duba hannun dama ga Makoko, gidajen katako a kan turaku cikin ruwa, yara kanana suna tuka kwale-kwale, hayaki ya lullube wajen. Bangarenmu na masu shiga a cike makil, dayan bangaren na masu fitowa kusan fayau. Kawu ya ce da yamma abin juyawa yake yi. Miliyoyin mutane suna kwana a arewa, aikinsu na kudu, gada uku ce kuma ta hada tsibirin da tudu, Carter da Eko da wannan.

A Marina na tsaya na ga dalili da idona. Bayanka dogayen benaye, gabanka ruwa, tsallake ga manyan jiragen ruwa na Apapa. Garin a nan ya fara, fadar Oba tana Isale Eko, Turawa ta ruwa suka zo suka karbe shi a 1861, to da jama'a suka yi yawa ina za a je? Kudu teku ce, gabas tafki, dole aka yi ta turawa arewa da gefe-gefe. Na bude taswira a waya, jihar gaba dayanta siririya ce doguwa kamar an shanya rawani a bakin ruwa, daga Badagry iyakar Benin har Epe, kuma duk Najeriya babu jihar da ta kai ta karancin kasa. Ina cikin daukar hoton wani bene sai ga maigadi ya taso min da tsawa, wai in goge ko ya fasa wayar, har da aboki kaza aboki kaza. Kawu ya rike min hannu ya ce rabu da shi dana, zafin gari ne. Ban goge ba dai.

Balogun kuwa sai wanda ya gani. Kasuwar ba ta da kofa ba ta da katanga, tituna ne ta cinye daya bayan daya. Wata mama ta sa min leshi dubu 45, na taya 25, ta fizge ta zage ni tas, na juya zan tafi ta jawo rigata tana dariya, muka daidaita a 30. Gaskiya in ka hada kudin mota da wahala, Kwari ta fi min sauki, kuma a Kwari ko ba ka saya ba za a ce ka zauna ka sha ruwa. Azahar a babban masallacin da ke titin Nnamdi Azikiwe muka yi ta, sahu daya Yarbawa da Hausawa da 'yan Nijar.

A hanyar dawowa Kawu ke fada min kafin a kirkiro jihar a 1967, Agege da Ikeja da Mushin duk karkashin Jihar Yamma suke, Ibadan ce hedikwatarsu, Legas ta tarayya 'yar karama ce, shi ya sa har yau akwai tashar da ake kira Boundary, wato iyaka, a Ajegunle. Yanzu garin ya tsallake iyakar sabuwar jihar ma, yaran shagonsa biyu a Sango Ota ta Ogun suke kwana saboda haya ta fi sauki, jirgin kasan Red Line kansa daga Agbado ta Ogun yake tasowa.

Sauran yawon a gurguje na yi shi. Alaba Rago na je gaida wani abokin makaranta, hanya ta cinye rabin yini. Lekki gidaje masu kyau, haya ta hauka, ruwan sama kadan titi ya cika. Na so in karasa Ibeju in ga matatar Dangote, Kawu ya ce daga Agege in ka tafi can sai dai ka kwana, na hakura na je na yanki tikitin Kano.