Tasha ɗaya ta hana sha biyar sakat

Har yau in na tuna sai raina ya sosu. Kwana uku na yi ina ɗora wa ruwan sama laifi, alhali ɓarnar tana cikin fayil ɗin da na kwafa da hannuna.

Ƙananan tashoshin sadarwa goma sha biyar ne ke raba hanya ɗaya ta tauraron ɗan'adam zuwa babbar tasharmu, a tsarin TDMA: kowacce da gurbinta na lokaci, ta faɗi nata ta yi shiru, ta gaba ta karɓa. Komai lafiya lau har aka ƙaro ta sha shida. Sauri nake yi, sai na ɗauko saitin wata tsohuwar tasha na liƙa mata, na canza suna da lamba, na bar lambobin wurin da take a taswira yadda suke. Tsakaninsu kuwa ɗaruruwan kilomita ne.

Wanda bai taɓa aikin ba zai ce mene ne a ciki. Tauraron yana can sama kilomita 35,786, sigina kuma yana cin kilomita 300 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Da wurin da ka rubuta mata ne ake lissafa lokacin da sabuwar tasha za ta saki saƙonta na neman shiga. Tawa sai ta riƙa saki ba a kan lokaci ba, yana faɗawa gurbin maƙwabta. Ita ba ta shiga ba, ba ta bar na ciki sun huta ba.

Kira ya dinga katsewa. Da yake zangon mitar da ake kira Ku muke amfani da shi, wanda ruwan sama ke raunana siginarsa, kuma ana ruwa a makon, ban ko yi tantama ba cewa ruwan ne. Na ƙara ƙarfin sigina, na rage wa wasu rabo, har na sa aka sayo ƙarin faɗin layi. Rana ta uku gari ya waye tangaran, matsalar na nan daram. Wata abokiyar aikina ce ta leƙo allona ta ce, "Malam, kashe sabuwar mu gani." Na kashe. Kurakuran suka tsaya cak.

Yanzu ba na karɓar lambobin wuri da baki. Mai kafa kwanon sigina ya ɗauki hoton GPS ɗinsa yana tsaye a gindin kwanon ya turo mini, kuma sabuwar tasha ba ta fara watsawa sai idona na kan ma'aunin kurakuran sauran. Ƙarin layin nan kuwa, sai da muka biya shi har ƙarshen yarjejeniya, da sa hannuna a takardar.