Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Sarakunan da Na Nema Na Rasa

Makon jiya na tsaya inda idon Baba ya fara yana, karatun asuba na gidanmu ya dawo wuyana. Ina da shekara 19 a lokacin.

Bari in ɗan koma baya. Shekara huɗu a jere ni ke fitowa a sarki na biyu a wasan Kirsimeti na majami'armu da ke Sabon Gari. Kambina kwalin sukari ne da aka liƙa wa takarda mai ƙyalli, alkyabbata kuwa zanin zumuntar mata na Inna. Lubban ɗin ne kawai na gaske, don Baba da kansa yake shiga Kasuwar Kurmi ya sayo. Mu uku mu ratso jama'a muna taƙama, mu durƙusa gaban komin dabbobi tare da makiyaya. Da wani ya ce min ba haka abin ya faru ba, da an ji kanmu.

Ran nan da sanyin hunturu, Baba na dunƙule cikin bargo, ya ce in buɗe Matiyu sura 2. Na kai aya ta 12, na tsaya, na koma farko ina bi da yatsa. Babu sarakuna, masana taurari daga gabas aka ce. Ba a faɗi yawansu ba, kyautar ce iri uku: zinariya, lubban da mur. Kuma a cikin gida suka sami yaron. Makiyayan da komin dabbobin suna can Luka sura 2.

"Malam, karatun ya ƙare ne?" in ji Baba.

Na ce, "Baba, ban ga sarakuna uku ba."

"To karanta abin da ka gani."

Ranar Lahadi bayan sujada na kai maganar wurin wani dattijon ikilisiya. Ko Littafin bai buɗe ba, ya ce irin wannan bin diddigi ne ke sanyaya bangaskiyar matasa. Har yau ina ganin girmansa, amma a nan bai kyauta min ba. Ni ba musun haihuwar Almasihu na je yi ba. Tsorona ɗaya: in wannan ƙari ne, me da me kuma na haddace da ba ya ciki?

Da na faɗa wa Baba sai ya yi dariya har da tari. Wai shi ya lura tun ba a haife ni ba.

"Amma Baba, ku ke sayo lubban ɗin!"

"Wasan yara ne, kai kuma ba ka tambaya ba. Buɗe Ayyukan Manzanni 17, aya 11."

Mutanen Biriya ne, waɗanda aka yaba saboda kullum suna bin Littattafai su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Bulus fa!

Sai daga baya na karanta cewa daga kyautar ukun aka ɗauko lissafin, sunayen da ake ba su ma ɗaruruwan shekaru bayan manzanni suka bayyana, kuma a al'adar wasu Kiristocin Siriya su 12 ne.

A makon na sayi littafin rubutu, na raba kowane shafi biyu: abin da na ji, abin da na gani a rubuce. Abu na biyu da ya shiga ciki shi ne 25 ga Disamba, kuma shi ya haɗa ni da Inna. Sai mako mai zuwa.